Yadda ake jin ta bakin mutanen unguwa kafin a gina filin shaƙatawa a Gombe

A garin Gombe fili ba ya daɗewa babu kowa a kansa. Ko ya zama juji, ko ruwan damina ya fara cinsa har ya zama kwari, ko a wayi gari a ga an sauke bulo an yanka shi filoti-filoti. Saboda haka idan unguwa ta samu damar mayar da wani fili wurin hutawa da wasan yara, bai kamata a yi sanya ba. Sai dai gini shi ne mai sauƙi a cikin aikin. Abin da ke kashe irin wannan wuri shi ne maƙwabcin da ba a tambaye shi ba, da matasan da aka kora daga inda suke buga ƙwallo, da rashin sanin wanda zai ba itatuwa ruwa a watan Maris. Duk waɗannan ana warware su ne tun kafin a sa harsashi.

A fara da takardar filin

Kada a kira taro ko ɗaya sai an san na wane ne filin. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, don haka maganar baka cewa "ai wurin na al'umma ne" ba ta kare kowa. Mutum biyu daga cikin masu shirin su rubuta takarda zuwa GOGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a jihar, su nemi sanin abu biyu: me aka ware wurin domin shi a taswirar unguwar, kuma akwai wanda aka ba takardar mallaka a kansa? Daga nan sai GOSUPDA, hukumar tsara birane, domin ita ce ke ba da izinin gini, kuma ita ce za ta iya rushe abin da aka yi ba da izininta ba.

Idan wani bawan Allah ne ya bayar da filin wakafi, a rubuta, magada duka su sa hannu a gaban shaidu, har da mata da waɗanda ke zaune a wani gari. Rigimar gado takan taso ne bayan mai bayarwa ya rasu, lokacin da filin ya yi daraja. Idan kuwa gwamnati ce za ta karɓe shi daga hannun wani domin amfanin jama'a, a faɗa wa mai shi gaskiya tun farko cewa diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan filin ce, kamar gini da itatuwa da amfanin gona. A kuma lura da iyakar ƙaramar hukuma: Pantami da Bolari da Jekadafari suna ƙarƙashin Gombe, amma Tumfure tana Akko, kansila daban, ofis daban.

Sai a kawo safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka, maƙwabta suna tsaye. Shi zai nuna inda ba a taɓawa. Ƙarƙashin wayar lantarki mai ƙarfin 11kV ko 33kV ana barin mita 5.5 kowane gefe, mai 132kV mita 15, mai 330kV mita 25. Wurin nan ba a kafa lilo, ba a dasa itace mai tsawo.

A zauna a kalli filin na mako biyu

Mutane kan tsallake wannan mataki don suna ganin sun san unguwarsu. A ɗauki littafi a riƙa zuwa sau huɗu a rana: bayan asuba, da azahar, tsakanin la'asar da magariba, da bayan isha'i. A haɗa da Juma'a da Lahadi. A rubuta wa ke wurin, su nawa, me suke yi. Za a ga masu ƙwallo, da mai shayi, da matar da ke suyar awara, da 'yan Keke Napep da ke jiran fasinja, da makanikin da ya jibge matattun motoci, da mai ɗaure tumaki, da masu shanyar hatsi, da yaran da ke ratsawa zuwa Islamiyya. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da abin da zai rasa, kuma shi ne zai fara adawa idan ya ji labarin a bakin wani.

A zana ƙananan hanyoyin da ƙafa ta fitar a cikin filin. Hanyar da mutane suka saba bi zuwa masallaci ko kasuwa, in aka toshe ta da shinge, za a yanke shingen cikin wata guda. A bar ta ta zama hanyar cikin lambun.

Sannan a je wurin lokacin da ake tsuga ruwa, ko da zarar an ɗauke. Gombe tana cikin kwari, ƙasarta yashi ce, kuma duk wanda ya ga irin zaizayar da ta ci gidaje a wajen Malam Inna da Kagarawal kafin a yi aikin magudanar ya san abin da ruwan Agusta ke yi. A duba ta ina ruwa ke shiga, ina yake kwanciya, ƙofar gidan wa yake nufa in ya fita. In rani ne ake shirin, a tambayi dattawan da suka fi daɗewa a layin, a dubi alamar ruwa a jikin katangu.

Kwamiti da gaisuwar manya

Mutum 9 zuwa 11 sun isa. Cikinsu lallai a samu biyu daga gidajen da ke jikin filin, mata aƙalla uku, kyaftin ɗin 'yan ƙwallo, wakilin masu sana'a a wurin, mai buƙata ta musamman guda, da ɗan haya guda, domin 'yan haya su ne aka fi mantawa da su alhali yaransu ne za su fi cika wurin. A sa mutum ɗaya da aka san ba ya son aikin. Gara ya yi gardamarsa a kan tabarmar kwamiti da ya yi ta a majalisa.

Gaisuwa tana da tsari: mai unguwa, shi zai kai ku wurin dagaci, dagaci ya kai ku wurin hakimi. Daga nan limaman unguwa, da fasto in akwai coci, da kansila, da shugaban 'yan sintiri, da baturen 'yan sanda na yankin. Abin da za a ce gajere ne: "Ranka ya daɗe, ba mu yanke komai ba, mun zo neman izini ne mu shiga gida-gida mu ji ra'ayin jama'arka." Kansila a girmama shi a ba shi kujera, amma kada ya shugabanci kwamitin, kuma kada a sa hoton ɗan takara a allon aikin. Da zarar an ce filin na wata jam'iyya ne, rabin unguwa ta janye.

Sunan da za a kira wurin ma a yi tunani a kansa. Dattawa da yawa in suka ji "wurin shaƙatawa" abin da ke zuwa musu shi ne wurin kiɗa da shisha da haɗuwar samari da 'yan mata da dare. "Lambun unguwa" ko "filin yara" ya fi shiga kunne, kuma ya fi kusa da abin da ake nufi.

Kafin a fita, kwamiti ya rubuta a takarda ɗaya abin da ba zai canzu ba da abin da jama'a ke da iko a kansa. Girman fili, kuɗin da ke hannu, hanyar ruwa da sharuɗɗan hukuma ba sa canzuwa. Inda za a sa ƙofa, abin da za a gina, lokacin buɗewa da rufewa, da dokokin wurin, na jama'a ne. In ba a raba haka ba, za a tara buƙatun wurin ninƙaya da ɗakin taro, a ƙarshe mutane su ce an yaudare su.

Shiga gida-gida

A raba unguwar zobe uku. Zobe na farko gidajen da katangarsu ko ƙofarsu ke kallon filin: waɗannan a shiga kowane ɗaya, ko da sai an koma sau uku. Na biyu gidajen da ke cikin mita 200, a shiga gida ɗaya a tsallake ɗaya. Na uku har zuwa mita 500, tafiyar minti shida ko bakwai, a ɗauki gida ɗaya cikin biyar. Masu shiga su tafi bibbiyu. Maza su yi sallama da maigida a zaure ko ƙofar gida, mata su shiga ciki da hantsi bayan an sallami yara makaranta. Kada a ɗauki amsar maigida a matsayin ta gidan duka. Shi yakan yi maganar tsaro, ita kuwa uwargida ita ta san cewa yaro ɗan shekara huɗu ba zai iya tsallaka titin shi kaɗai ba. Inda aka san akwai tsofaffin da suka fi sakewa da Fulatanci, ko Tera, ko Tangale, a tafi da mai jin harshen.

Tambayar "kuna son a yi lambu?" ba ta da amfani, kowa zai ce Allah ya sa alheri. Ga waɗanda ke fito da magana: Me gidan nan ke yi da filin yanzu? Ina yaranku ke wasa, kuma wa ke raka su? Me kuke tsoro zai faru in an gina? Me zai sa ku hana 'ya'yanku mata zuwa? Wane abu guda ne in babu shi ba za ku shiga ba? Me gidan nan zai iya bayarwa duk wata, kuɗi ko aiki? A rubuta amsa da kalmomin mai maganar, a sa lambar gida maimakon suna, domin wanda zai yi ƙorafi a kan ɗan maƙwabcinsa ba zai yarda a rubuta sunansa ba.

Zauren WhatsApp yana da kyau wajen sanarwa, amma ba a auna ra'ayin unguwa da shi. Mutum biyar masu yawan rubutu sukan rufe muryar ɗari, kuma tsofaffi da mata da yawa ba sa ciki.

Ƙananan zama kafin babban taro

A yi zama huɗu daban-daban, kowane mutum 12 zuwa 15, awa ɗaya. Na mata a makarantar matan aure ko gidan wata dattijuwa da ake jin maganarta. Na matasa a filin kansa bayan an tashi ƙwallo. Na masu sana'a da safe kafin ciniki ya buɗe. Na maƙwabtan jikin fili a zauren mai unguwa. Yara kuwa a ba malamin firamare takarda da fensir su zana abin da suke so, za a ga abin da manya ba su kawo ba.

Babban taro sai bayan an gama waɗannan. A sanar kwana bakwai kafin ranar, a masallatai bayan sallah, a coci ranar Lahadi, da bakin mai shela. Asabar bayan la'asar ta fi dacewa; a kauce wa azumi, da makon sallah, da tsakiyar damina lokacin da mutane ke gona. Mutane da yawa ba sa gane zanen injiniya a takarda, don haka a zana shi a ƙasa: a kafa turaku, a ja igiya, a zuba toka ko farar ƙasa a nuna nan ne filin ƙwallo, nan bayan gida, nan ƙofa. Kowa ya taka ya gani. A nan ne maƙwabci zai tsaya ya ce wannan bayan gidan yana jikin ɗakin girkinsa, a matsar da turke mita goma ba a kashe ko sisi ba.

Wajen zaɓen abin da za a fara ginawa, ɗaga hannu a gaban hakimi ba ya nuna gaskiya. A jera kwanuka, kowane da hoton abu guda, a ba kowa ƙwayar wake biyar ya rarraba yadda ya ga dama a bayan labule. A ƙirga na mata daban, na matasa daban, na maƙwabtan jikin fili daban, a faɗi sakamakon a wurin.

Damuwar da za a ji, da amsarta

Ta farko ko'ina ita ce tsoron wurin ya zama maɓoyar 'yan shaye-shaye ko 'yan Kalare, wato 'yan daban Gombe. Tsoro ne mai tushe, kada a yi masa gardama. Kuskuren da ake yi shi ne a zagaye wurin da doguwar katangar bulo, wadda ita ce ke ba mai laifi sutura. A yi bulo jeri uku ko huɗu, sama a sa ƙarfe ko waya mai raga yadda mai wucewa zai ga ciki. A sare rassan itatuwa na ƙasa har mita biyu da rabi, shuke-shuken ado kada su wuce mita ɗaya, kada a bar lungu a bayan bayan gida. Fitilun sola a kan turaku masu mita 6, tazarar mita 20 zuwa 25, irin waɗanda batirinsu ke haɗe da kan fitilar, domin batirin da aka ajiye a akwati a ƙasa shi ake fara sacewa. Ƙofa biyu, a rufe da kiran magariba ko bayan isha'i, yadda taro ya yanke, a kuma ambaci sunan mai riƙe makulli. Mai shayi ko mai awara da aka bar wa wuri a bakin ƙofa ido ne da ba a biyansa.

Ta biyu leƙen gidaje, kuma ita ce mutane ke jin nauyin faɗa a taro. Duk abin da yaro ko saurayi zai hau kada ya kai tsayin katangar maƙwabta, kuma a nisanta shi da ita aƙalla mita 10. Benci ya ba gidaje baya. Fitila ta kalli cikin fili, kada ta haska tsakar gidan mutane.

Sai ƙwallo. In an ce za a kori matasa gaba ɗaya, to a shirya ganin an tuge dashe da dare. Babban fili yana cin aƙalla mita 90 da 45, wanda yawancin filayen unguwa ba su da shi idan za a yi wani abu daban. Ƙaramin fili na 'yan biyar-biyar, mita 40 da 20, yana shiga. Raga ta kalli kudu da arewa saboda ranar yamma, a ɗaga waya mita 4 zuwa 6 a bayan kowace raga, a rubuta wanda zai biya in an fasa gilashi. Wurin ƙananan yara ya koma ɗaya ƙarshen, da yashi mai kaurin santimita 30 a ƙarƙashin lilo, da sarari gaba da baya ninki biyu na tsayin lilon. Abin zamewa na ƙarfe in ba a inuwa yake ba yana ƙona fatar yaro a watan Afrilu.

Hayaniya ana maganinta da doka rubutacciya: za a ba da wurin hayar biki ko a'a, in za a bayar sau nawa a wata, lasifika ta tsaya ƙarfe nawa, a kuma yi shiru lokutan sallah da lokacin ibadar coci. Wannan magana a gama ta yanzu, domin kuɗin haya yana da daɗi, kuma in aka fara karɓarsa ba doka, lambun yakan koma wurin biki.

Ruwan sama: duk inda aka shafe da siminti, ruwan da ƙasa za ta sha yana komawa gidan wani. A rage siminti, hanyoyi a yi su da marmara da aka daddaɓe ko bulon shimfiɗa, a haɗa lambatun filin da babbar magudana, gefen gangara a dasa jema ta riƙe ƙasa. Bayan gida na maza daban na mata daban, ƙofofinsu ba sa kallon juna, raminsa mita 30 daga kowace rijiya ko burtsatse. In babu wanda ya ɗauki nauyin wanke shi kullum, a jinkirta gina shi. Mai keken guragu yana buƙatar hanya mai faɗin mita ɗaya da rabi, da gangara wadda kowane santimita 10 na tsayi ke cin santimita 120 na tsawo. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta wajabta sauƙaƙa musu shiga wuraren jama'a.

Lissafin ruwa da kuɗin kula

A yi wannan lissafin a gaban jama'a. Dashe ɗaya yana son kamar lita 20 sau uku a mako a raninsa na farko da na biyu. Dashe 60 ke nan lita 3,600 a mako, jarka 144 mai lita 25, tun daga Nuwamba har ruwa ya sauka. In ruwan famfo na madatsar Dadin Kowa ba ya zuwa layin a kai a kai, sai tanka ko burtsatse, kuma a wasu unguwannin Gombe ruwan ƙasa yana da nisa, don haka a sa masana su gwada wurin kafin a yi alkawarin haƙawa. In ƙarfin unguwa dashe 25 ne, a dasa 25. Dogon yaro, maɗaci da tsamiya suna jure fari. Mangwaro yana jawo jifa, itacen turare yana shanye ruwan ƙasa, ceɗiya da durumi saiwarsu na fasa katanga da masai in an matso da su. Rami santimita 60 faɗi da zurfi, tazarar mita 8 zuwa 10, mita 5 daga katangar kowa, a dasa a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, kowane da kejinsa saboda awaki. Ana iya neman dashe ta shirin Gombe Goes Green da jihar ta fara a 2019, maganar kwashe shara kuma a yi ta da GOSEPA, hukumar kare muhalli ta jihar.

A haɗa albashin maigadi, ruwa, shara da gyara, a raba da yawan gidajen da suka ce za su bayar, bayan an rage kashi ɗaya cikin uku na gidajen, domin ba kowa zai cika alkawari ba. A yi wa ƙungiyar rajista, a buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, ma'aji ya manna lissafi a allon ƙofa duk wata.

A koma a faɗa musu abin da aka yi da maganarsu

Cikin mako biyu bayan taro, a fitar da takarda mai layi uku: abin da aka ce, abin da aka yanke, da dalili. Buƙatar da aka ƙi ita ta fi buƙatar bayani, kuma mai ita a same shi har gida kafin ya gani a allo. A manna zanen ƙarshe a ƙofar mai unguwa, masallaci, coci da filin kansa na kwana 21, da akwatin ƙorafi. Bayan nan a rubuta yarjejeniya: iyakar fili, dokoki, mai makulli, inda aka mayar da kowane mai sana'a, da sharaɗin cewa ba za a gina shago ko a yanka wani ɓangare ba sai da babban taro da izinin hukuma. Mai unguwa, kansila, shugabannin kwamiti da maƙwabtan jikin fili su sa hannu. Kofi ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a haɗa da takardun neman izini a GOSUPDA.

Lokacin gini, a nuna wa ɗan kwangila inda tifa za ta sauke yashi don kada ta toshe ƙofar kowa ko lambatu, a ɗauki leburori daga matasan unguwar, mutum biyu na kwamiti su riƙa gwada aikin da zanen duk mako. A fara da shinge, magudanar ruwa da dashe. Lilo da benci su biyo baya. A sa ranar sake zama tun yanzu, ɗaya a ƙarshen Satumba don a ga abin da damina ta yi, ɗaya a Afrilu don a ƙirga itatuwan da suka rayu a cike gurbin waɗanda suka mutu a Yuli mai zuwa.